Shekara Goma Sha Ɗaya da Sunan Yayarta

Ba a shiga layi da waya. Ko ɗan kunne ba a shiga da shi, don ƙofar bincike za ta yi kuka a maido da ke baya. Shi ya sa labarin ya yi awa uku yana jirana a cikin loka. Da aka buga ƙararrawar abincin rana na buɗe, na kunna wayar, sai ga saƙon yayarta: "Suyun ta cika da safen nan, tara saura kwata. Ba ta sha wuya sosai ba."

Na tsaya ina tuna abin da nake yi tara saura kwata. Gilashin waya nake gogewa.

Na samu shugaban layinmu, Kuang, tsugune a gindin matakala yana zuƙar taba. Na ce, "Shugaba, Suyun ta mutu."

Ya ɗago ya ce, "Wace Suyun?"

Ya sani sarai. An dai hana shi sani ne daga ofis. Na ce, "Wadda ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarshen layinka."

Ya jefar da guntun tabar ya murje shi da takalmi, ya daɗe yana murzawa. Sannan ya ce, "Je ki ci abinci, Yufen. Saura minti ashirin."

Don wannan tambayar tasa nake rubuta labarinta, da sunan da uwarta ta raɗa mata.

An haifi Ran Suyun (Ran sunan gidansu ne) a wani ƙauye cikin duwatsun lardin Guizhou, inda gona ba ta yin nisa sai ta ƙare a bakin kwari. Masara suke nomawa da dankali da barkono. Mahaifinsu ya yi aikin ramin kwal har ƙirjinsa ya toshe, ya dawo gida ya zauna bakin murhu yana tari. Su biyu aka haifa, duka mata. Guilan ce babba, ta ba Suyun shekara uku.

Shekarar da Suyun ta cika sha biyar, bayan bikin Sabuwar Shekara, wani dillalin ma'aikata ya zo da doguwar mota yana ɗibar 'yan mata zuwa masana'antun birnin Dongguan. A takarda, ba a ɗaukar wadda ba ta kai sha shida ba. Guilan kuwa ta yi aure, tana da ciki wata biyar, katin shaidarta yana kwance a akwati ba ya yi wa kowa aiki. Dillalin ya karɓi katin, ya dubi hoton, ya dubi Suyun, ya ce, "A rage mata gashin goshi kamar na hoton, shi ke nan. Wa zai tsaya ƙare mata kallo? Kowa ido biyu gare shi da hanci ɗaya."

Uwarsu ce ta yi askin da almakashin ɗinki, har gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Babu wanda ya ga laifi a ciki. Rabin 'yan matan ƙauyen haka suka tafi, wannan da katin yayarta, waccan da na 'yar kawunta. Awa ashirin suka yi a hanya, yarinyar da ke kusa da ita tana yi mata gwaji. Sai ta bari Suyun ta fara gyangyaɗi, ta ce, "Guilan!" In ba ta amsa ba ta mintsine ta. Kafin su sauka cinyarta ta yi baƙi, amma ta koyi amsawa.

Bayan shekara biyu ni ma na zo. Aka ba ni gado na sama a ɗaki mai mutum goma, ita tana ƙasa kusa da taga. Ranar farko na zauna da kwanon shinkafa da kabeji na ɗakin cin abinci, na kasa haɗiya. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ashe 'yar gida ce! Dutse biyu ne tsakaninmu. Shi ya sa kike kallon abincinsu kamar an ba ki ruwan wanki." Ta jawo kwalba daga ƙarƙashin gado, barkonon uwarta mai tsami, ta zuba min cokali guda. "Kada ki saba," in ji ta. Na saba. Shekara tara ina cin barkonon nan.

Gajera ce, mai faffaɗan goshi, haƙorinta na gaba ɗaya ya hau kan ɗaya. Ba ta iya tafiya a hankali ba. In tana dariya sai ta riƙa dukan wanda ke kusa da ita, shi ya sa in ta fara kowa yake matsawa.

Na yi shekara guda ina kiranta Yaya Guilan kafin na sani. Wata Lahadi tana waya da uwarta, tsohuwar kuwa ihu take yi a waya don a ganinta Dongguan da nisa. Na ji ta ce, "Suyun, kina cin abinci kuwa?" Da ta ajiye wayar ta dube ni ta ce, "Kin ji, ko? To haɗiye shi. A layinmu kaɗai mu huɗu ne masu sunan aro."

Na ce, "Yanzu ai kin wuce sha shida. Me ya hana ki koma sunanki?"

"In koma yaya? Sai na ajiye aiki, in fita, in sake bin layi a bakin ƙofa kamar sabuwar zuwa. A mayar da ni farkon bel ɗin da ke jan wayoyi, a ba wata gadona. In kuma suka gane katin aro na shigo da shi, su sa sunana a jerin waɗanda ba a ɗauka, duka sunayen biyu. Bari dai sai bayan Sabuwar Shekara."

Duk shekara haka take cewa. Bayan Sabuwar Shekara kuma sai aiki ya taso, sabuwar waya za ta fito, ba a ba kowa hutu. Ko a ƙara mata matsayi, ta ce ba yanzu ba. Ko mahaifinta ya kwanta asibiti. Kuskurenta ke nan duk duniya, ban san mata wani ba.

Masana'antarmu ba ta da wayar kanta. Wani babban kamfani na ƙetare ne yake kawo zanensa, mu haɗa masa, a buga tambarinsa. Mu ma ba masana'antar ce ta ɗauke mu kai tsaye ba, a takarda ma'aikatan kamfanin dillalai ne. Suyun takan ce mu 'ya'yan gida uku ne, kowane gida yana cewa ai a maƙwabta muka ci tuwo.

Wurinta shi ne na ƙarshe a layi. Waya ta iso an gama haɗa ta, a tsoma ƙyalle a ruwan gogewa, a share gilashin sau uku, a ɗaga shi ga fitila, a ajiye. Daƙiƙa goma sha biyu. Da can sifirit ake amfani da shi, sai aka ga yana jinkirin bushewa, aka kawo wani ruwa a farin galan marar rubutu. Ruwan ayaba muke ce masa, don ƙamshinsa kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Shi yana bushewa nan take. Ɗakin kuma ba taga, don ƙura ita ce abokiyar gabar gilashi. An kare wayar daga numfashinmu da takunkumin takarda, an kare ta daga gashinmu da hula, an kare ta daga guminmu da safar hannu. Babu abin da aka manta.

Suyun ta yanke kan yatsa biyu na safarta, ta ce da fata ake jin ƙwayar ƙura, roba makauniya ce. Gaskiyarta ne kuwa, babu wanda ya kai ta. Kuang yakan zo ya tsaya bayan sababbi yana ihu, "Ku dubi Guilan! Hannu biyu gare ta kamar ku, ko kun ga na uku?" Ita kuma ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Shugaba, matsa daga hasken, tumbinka yana yi min inuwa." Ya ce, "Bakinki ne zai kashe ki." Ta ce, "Kafin nan dai ka matsa."

Sau uku ana manna hotonta a allon yabo na bakin ƙofa, an rubuta Ran Guilan a ƙasa da jan fenti. Ta ɗauki hoton allon ta tura wa yayarta, ta rubuta, "Yaya, barka, kin sake cin lambar yabo. Kina can kina ba aladu abinci ba ki sani ba."

Wuri ɗaya ne a duk Dongguan take rubuta sunanta na gaskiya. A watan bakwai na kalandar gida, lokacin da ake aika wa matattu saƙo, mukan sayi ambulan na takarda mu cika su da tufafin takarda da sauran tarkace, mu je bakin magudanar da ke bayan masana'anta da la'asar mu ƙona. Dole a rubuta sunan mamaci daidai a bayan ambulan, da sunan mai aikawa, in ba haka ba saƙon ba ya isa, yawo zai yi ta yi. Suyun ta fi kowa kyan rubutu, ita take rubuta wa duk ɗakinmu, tana faɗa in mutum ya manta yadda ake rubuta sunan kakarsa. Bayan mahaifinta ya rasu, a nasa ambulan takan rubuta: daga 'yarka ta biyu, Suyun. Ta riƙe shi ta ɗan duba, sannan ta sa a wuta.

Sau biyu a shekara masu wayar suna turo masu bincike su ga yadda ake riƙe mu. Mukan sani tun saura mako, don sai ka ga ana fentin matakala. Ranar da za su zo, a kwashe fararen galan a kai bayan sito a rufe da tamfol, a jera kwalaben sifirit masu rubutu. A raba sabon takunkumi mai kauri. A rage gudun bel har hannu ya rasa abin yi. A ɗakin cin abinci a sa nama. Suyun tana ce wa ranar bikin auren masana'anta.

Ita ake zaɓa ta yi magana da su, saboda fara'arta da hotonta a allo. Manaja Dai ta ofishin ma'aikata takan ba ta takarda ta haddace tun kwana uku. Suyun ta dawo ɗaki ta hau gado ta miƙe tana karanta mana da muryar mai labarai: "Awa takwas muke yi. Ƙarin lokaci sai wanda ya so. Da sifirit kaɗai muke gogewa. Lafiyata ƙalau, na gode." Mu yi ta dariya har mai gadin bene ta buga ƙofa.

Zuwansu na ƙarshe kafin ta kwanta, wata Baturiya ce mai furfura da tafinta. Suyun ta ce matar tana da kirki, har ta riƙe hannunta ta tambayi abin da ya sa yatsunta biyu suka tsage. Ta ce mata sanyi ne. "Na so in faɗa mata, Yufen. Amma tafintan a motar Manaja Dai ya zo." Ta sa hannu a takardar hirar kamar kullum, Ran Guilan.

Ciwon ya fara da haɓo. Jini ya ɗiga a kan gilashi, Kuang ya yi faɗa a kan wayar kafin ya tuna ya ba ta takardar share hanci. Sai dasashinta ya fara jini. Sai tabo shuɗi-shuɗi a cinya da hannu ba tare da ta bugu ba. Ta ce min, "Ke ce kike dukana ina barci, faɗi gaskiya." A ɗakin shan magani na masana'anta aka ce jininta ne ya yi ƙasa, ta ci hantar alade da jan dabino. Ta ci har ta tsani warinsu. Mai saurin tafiyar nan ta koma tana hutawa sau biyu kafin ta kai hawa na huɗu. Wata safiya ta zame daga kan kujerarta, ƙyallen yana hannunta.

A babban asibiti suka ce sankarar jini ce. Likitan ya tambayi aikinta, da ta ambaci ruwan ayaba sai ya ajiye biro. Ya ce akwai hanya, a dasa mata ɓargon wani na jininta, in tana da ɗan'uwa ko 'yar'uwa.

Guilan ta gaskiya ta baro 'ya'yanta ta hau mota ta zo. Ranar na fara ganinta, doguwa, mai kunya, ba su ma yi kama sosai ba. A tagar rajista ta miƙa katinta, ma'aikaciyar ta buga, ta sake bugawa, ta ce, "Wannan ai tana kwance a gado na sha bakwai. Ba a ba mutum ɓargon kansa a nan." Babu yadda za a yi. Aka buɗe sabon fayil, Suyun ta fito da katinta wanda ya yi shekaru cikin safa a ƙasan jakarta. Aka canza takardar da ke jikin gadon. Ta kwanta tana kallonta, ta ce, "Kai, ashe sunan nan da kyau."

Ɓargon ya dace. Likita ya ce da wuya a samu dacewa irin wannan. Abu ɗaya ya rage. Aiki irin wannan ba talaka ke ɗaukar nauyinsa ba, inshorar ma'aikata ce take yi, in an tabbatar cutar daga wurin aiki ta fito. Kafin a tabbatar kuwa, sai masana'anta ta ba da takarda mai jan hatimi cewa Ran Suyun ta yi aiki a wurinta, wuri kaza, da ruwa kaza. Takarda ɗaya, layi huɗu.

Muka je mu uku, ni da Guilan muna riƙe da ita. Manaja Dai ta tarbe mu da shayi. Mace ce mai taushin murya, ban taɓa jin ta ɗaga ta ba. Ta ce, "Sannu, sannu. Zauna a nan, ya fi laushi. Duk mun damu ƙwarai."

Suyun ta ce, "Manaja, takarda na zo karɓa."

Manaja Dai ta juya kwamfutarta ta buga. "Ran Suyun. Ba mu da mai wannan suna. Ban taɓa samu ba."

"Kin san da sunan Guilan nake."

"Ran Guilan muna da ita. Ma'aikaciya ta gari." Ta dubi yayar. "Ke ce mai wannan lambar katin?"

Guilan ta ce, "Ni ce, ranki ya daɗe, amma ni ban taɓa..."

"Lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau, amma..."

"To madalla. Kin ga, ma'aikaciyarmu lafiyarta ƙalau, ga ta a zaune. Wadda ba ta da lafiya kuma ba ma'aikaciyarmu ba ce. Me zan rubuta? In na buga hatimi a kan ƙarya, ni za a kama."

Suyun ta yi dariya, irin wadda ba ta dukan kowa. Ta ce, "Manaja, ni ce fa. Ni kika koya wa karatu sau goma sha wani abu. Ke kika ce in riƙa murmushi in na zo wurin sifirit. Kin taɓa ba ni jan-bakinki don leɓena ya bushe."

"Ban tuna ba."

"Dubi hannuna." Ta ɗora yatsun nan biyu a kan tebur.

Manaja Dai ba ta duba ba. Ta ce ai ma in an bi ta doka, kamfanin dillalai ne ya ɗauke ta, can ya kamata ta je. Sannan ta jawo wata takarda daga aljihun tebur, ta ce shugabanni sun ji tausayi, za su ba da taimakon jinƙai, in dai an sa hannu cewa Ran Guilan ta ajiye aiki don kanta kuma ba ta da wani ƙorafi. "Ko wacce a cikinku ta sa, duk ɗaya ne."

Suyun ta karanta har ƙasa. Ta tura mata abarta. Ta ce, "Na gaji da sa hannun mutane. Yaya, ɗaga ni."

Kamfanin dillalan ya canza suna sau biyu tun lokacin, mutumin da ya ce a rage gashin goshi ba wanda ya san inda yake. Suka ce mu koma masana'anta. Ofishin ƙwadago suka karɓi ƙararmu, suka ce a kawo shaidu cewa wannan matar ce ta zauna a wannan kujerar. Na ɗauki takarda da tawada na bi ɗakuna. Mutum arba'in ne a layinmu, babu wadda ba ta ci barkonon Suyun ba ko ta rubuta mata ambulan. Biyar suka dangwala yatsa. Ban riƙe sauran a zuci ba. Wata ta ja ni bayan ƙofa tana kuka ta ce, "Yufen, da wane suna zan sa? Ni ma na ƙanwar mijina ne." Cikin biyar ɗin, uku ba a sabunta musu kwantiragi ba. Fararen galan kuwa sun ɓace a mako ɗaya, aka wanke sito da sabulu.

Akwai wata takarda da ke manne a bangon ɗakin cin abinci, da hoton hannaye biyu riƙe da juna, da lambar waya ta masu wayar, an rubuta muryarki tana da daraja. Suyun ta kira daga gadon asibiti. Wata mai zaƙin murya ta yi mata godiya sau uku, ta karɓi lambar aikinta. Bayan wata biyu amsa ta zo. Sun ce sun ɗauki maganar da muhimmanci, sun aiko an duba, ba a samu wani ruwa ba sai sifirit. Sun kuma ce mai wannan lambar aikin da bakinta ta shaida wa mai bincikensu cewa da sifirit kaɗai take gogewa kuma lafiyarta ƙalau, ga sa hannunta.

Na karanta mata. Ta rufe ido ta ce, "Na iya karatu, ko? Ko kalma ban ɓata ba."

Wata goma sha huɗu tana jira. A sa ranar zaman shari'a a ɗaga, lauyan masana'anta ya nemi a binciki hoton kati, a sake ɗagawa. Gashin da aka rage mata ya zube duka. Guilan ta je gida ta dawo sau uku, kullum da ɓargonta a jikinta, ba a taɓa ba. Tana zama gefen gado tana cewa, "Da ban ba ki katin ba." Suyun ta ce, "Da ba ki ba ni ba da na sata. Yi min shiru, Yaya, kina jiƙa min bargo." Daga ƙarshe likita ya kira Guilan waje ya ce lokacin dashen ya wuce, jikin ba zai ɗauka ba ko an kawo takardar gobe. Suyun ta ce a kai ta gida, tana so ta ga masara kafin a karya.

An sa zama na gaba ranar sha tara ga watan gobe. Wasiƙar tana wurina. An ce mai ƙara ta zo da kanta, da katin shaidarta.

Ranar da za su tafi na nemi hutun rabin yini, Kuang ya sa hannu bai tambaye ni dalili ba. Na raka su tashar mota da hantsi. Guilan ta tafi neman ruwan zafi, ta bar mu a kan benci. Suyun tana cikin rigar sanyi biyu ga rana tana dukan mutane, hular ulu a kanta, ba ta fi yarinya 'yar sha biyu nauyi ba. A ƙauyensu waya ba ta kamawa sai an hau dutse, ita kuwa ba za ta iya hawa ba, mun san ba za mu ƙara jin muryar juna ba, amma babu wadda ta faɗa. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gida.

Mutanen da ke jiran mota duk kansu a sunkuye, kowa yana shafa gilashin wayarsa. Ta bi su da kallo ta ce, "Dubi wancan, ya cika ta da maiƙo. Wataƙila ni na goge ta." Ta zaro kwalbar barkono daga jaka, saura rabi, ta ɗora min a cinya. "Kada ki saba."

Na ce, "Yaya Guilan..." Bakina ne ya riga ni, shekara tara ba wasa ba.

Ta ɗaga hannu ta dake ni a kafaɗa, dukan ko ƙuda ba zai kora ba. "Kin gani? Abin da nake tsoro ke nan. Saurara, Yufen. Watan bakwai in kin je bakin magudana, ki sa min rigar sanyi mai kyau, ja, ba irin ta masana'anta ba. Kuma ki nutsu wurin rubutu. In kika rubuta Guilan, saƙon zai je can ya yi ta yawo yana neman matar da ke ba aladu abinci, ni ina zaune ina jin sanyi."

Na ce, "Rubutuna ba kyau. Ke kika saba yi min."

"Na sani, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Kawo hannunki."

Ta buɗe tafin hannuna, ta zana sunan da yatsanta mai tsagewar nan, a hankali, layi bayan layi, ta sake zanawa. Direba ya fara kiran fasinja. Ta ce, "To faɗa in ji."

Na ce, "Suyun."

"Da ƙarfi, ba a ofis muke ba."

"Suyun!"

Mutanen benci suka ɗago suna kallonmu. Ta gyara hularta, ta ce, "Na'am."